Wushiryar Aro

Ni ban iya dariya da baki buɗe ba. Tun ina 'yar shekara goma hannuna ya koyi tashi da kansa ya rufe mini baki kafin dariyar ta iso. Har yanzu da nake koyarwa a firamare a Gaya, in wani yaro ya yi abin dariya sai in juya wajen allo kamar zan rubuta wani abu. Duk hotunan bikina baki a tsuke nake, har dangin miji suka riƙa cewa amaryar akwai kamun kai. Ba kamun kai ba ne, ɓoyo nake yi.

Abin da nake ɓoyewa a Gafasa aka yi mini shi, garin da aka haife ni. Da na gama famfara, fiƙata ta dama ta rasa wurin tsayawa, sai ta ɓullo ta saman dasashi a kan 'yan'uwanta. Kakata ta ɗaga mini leɓe ta duba, ta ce haure ne, kuma haure ba kyau a bakin 'ya mace. Aka kira wanzami. Ya zaunar da ni a kan turmi a kife, mata biyu suka danne ni, ya sa awartaki. Haƙorin da ya cire na dindindin ne, ba mai sake fitowa ba. Sauran suka bi gurbin suka karkace, bakina ya zama gefe guda a cike, gefe guda a lotse. Na san wanzamin ba da mugunta ya yi ba, kakata ma haka. Sanin bai rage mini haushi ba ko kaɗan.

'Yata ta fari ita ce dalilin wannan rubutu. A gidanmu, kamar yawancin gidajen da na sani, uwa tana kunyar 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta jan ta a jiki a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Ranar da aka yaye ta, surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta a tsallaken tsakar gida, can ta tashi. Kunyar tawa ma biyu ce, don sunan Inna aka sa mata, kuma ba matar ɗa da ke furta sunan uwar mijinta. Inna tana kiranta takwara. Ni sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa.

Ban taɓa ƙin wannan al'ada ba. Inna ta riƙe yarinyar da kyau, ta fi ni haƙuri da ita nesa ba kusa ba. Amma kunya ba ta toshe ido. Tana shekara takwas, lokacin sabuwar masara, na lura gefe ɗaya kawai take tauna. In ta haɗe haƙoranta sai haɓarta ta goce hagu. Haƙoran gaba sun cunkushe, ɗaya ya juya kafaɗa. Na ajiye abin a raina, har wata la'asar da ɗan akuya ya faɗa cikin kwatarniyar ƙullu, yaran gida suka fashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, sai na ga hannunta ya tashi ya rufe bakin. Ba wanda ya koya mata, a wurina ta gani.

Washegari na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na gaishe ta, na ce ina so in kai yarinyar asibitin haƙori a Kano.

"Ciwo yake mata?" in ji Inna.

Na ce a'a.

"To me za a kai wa likita? Gado ne, naki ta ɗauko. In haure ya fito ga wanzami nan a bayan kasuwa." Ta ci gaba da tsince wakenta. "Ke ma dai 'yar nan, yaushe kika fara baki a kan takwara?"

Da ba ta ambaci wanzami ba, wataƙila da na haƙura. Na tashi na sami mijina, wanda nake kira Malam. Manomi ne da damina, malamin Islamiyya kuma ko yaushe, mutum mai son zaman lafiya har ya kai ga ba ka haushi. Ya ce in bari Inna ta sauko. Na ce in na jira Inna ta sauko, yarinyar za ta yi aure da bakin nan. Ranar Litinin ta farkon hutu na yi mata wanka da kaina, muka hau adaidaita zuwa tasha, muka shiga motar Kano ta Wudil. Ban yi ƙarya ba, ban fake da ziyara ba. Na leƙa ɗakin Inna na ce mun tafi asibiti, ta yi kamar ba da ita nake ba.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta duba bakin, ta sa aka ɗauki hoto, sannan ta yi mini bayani da Hausa tsantsa. Ta ce muƙamuƙin sama ne ya tsuke, shi ya sa turamen haƙoran sama suke faɗawa cikin na ƙasa maimakon su rufe su, kuma fiƙoƙin da ke tafe ba su da masauki. Ta ce a shekarun nan ƙashin ganda ɓari biyu ne da ba su gama haɗewa ba, ana iya buɗa su a hankali da wani ɗan ƙarfe. Sai ta dube ni ta ce, "Malama, sauke hannunki in gani." Ashe duk maganar nan hannuna yana kan bakina. Na sauke ina jin kamar an tuɓe ni. Na tambaye ta ko haka na yarinyar zai koma. Ta ce kusan haka. Nawa ya riga ya bushe, gyaransa dogon aiki ne, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin mu fito ta ƙara magana ɗaya. Ta ce in ƙarfen ya fara aiki wushirya za ta buɗe a tsakanin haƙoran gaba, amma ta aro ce, da kanta za ta koma. Kuma ranar da ta ce a daina murɗa ƙarfen, a daina. Na ce to, ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

A gida kuwa gobara na tarar. Inna ta ce canza halittar Allah za mu yi, ita ba da ita ba. Malam ya kwana biyu yana buɗe littattafai, ya je ya tambayi na gaba da shi, ya dawo ya zauna a gabanta ya ce gyaran lahani ya halatta, abin da aka hana shi ne a tsaga haƙori ko a goge shi don ado. Inna ta ce, "Ɗan da na haifa ne zai karanta mini littafi. Yadda Allah ya jera haƙoran mutum, ba mai ikon matsar da su ko faɗin tsinke." Na riƙe wannan magana, don ni mace ce mai riƙo. Na sayar da tunkiyata, muka koma Kano sau biyu, aka gwada bakin da wani abu mai kama da kwaɓin fulawa, aka ƙera ƙarfen daidai da shi.

Ƙarfen ɗan ƙarami ne. Zobba biyu aka liƙa a turamenta na sama, hannuwansa suka haɗu a tsakiyar ganda, inda akwai wani ɗan noti mai huda. Aka ba ni makulli, siririyar waya ce kawai da zare a gindinta don kada ta suɓuce yarinya ta haɗiye. Kullum sau ɗaya zan zura shi a hudar in tura baya, ƙarfen ya ɗan ƙara buɗewa. Na rataya shi a wuyana a ƙarƙashin riga.

Makon farko ban ji daɗinsa ba. Miyau ya riƙa dalala mata, harshenta ya rasa wurin zama. Ta je Islamiyya ta ja baƙi, haruffan suka fito a cakuɗe, yara suka yi ta sheƙa mata dariya. Tuwo yana maƙalewa a saman ƙarfen, sai koko da fate. An hana ta rake da goruba da cingam. Ta yi kuka ta ce in cire mata, Inna kuma tana daga gefe tana salati da ƙarfi don in ji. Na ce ba za a cire ba, ko duk unguwar za ta taru.

Murɗawar tana son haske, don haka a tsakar gida nake yi, da hantsi, a kan tabarma. Sai ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata ta buɗe baki. Rabon kan nan da cinyata tun kafin yaye. Matan maƙwabta masu shigowa aron rariya suka gani, magana ta zaga cewa malamar boko ta yar da kunya, tana rungumar 'yar fari a gaban uwar miji. Su faɗa. Gaskiyar ita ce na ji daɗi. Aikin ba ya wuce ƙiftawar ido, amma nakan ja shi, in yi kamar ban ga hudar ba, don kan nan ya ƙara daɗewa a jikina.

A kwana na goma wushirya ta ɓullo. Da farko kamar zare, kafin mako ya zagayo ta zama wushirya sosai, irin wadda ake yi wa kirari. Inna ce ta fara gani. Ta kamo haɓar yarinyar ta juya ta wajen rana, ta daɗe tana kallo. Ashe ita ma da ƙuruciyarta wushirya gare ta, har an san ta da ita a garinsu, kafin shekaru su kwashe haƙoran. Ta ce, "Takwara ta ɗauko ni. Ai na san jinina ba zai ɓuya ba."

Daga ranar ƙarfen canza halitta ya zama ƙarfe mai albarka. Inna da kanta take tuna mini in hantsi ya yi ban murɗa ba. Matan da suka zage ni suka dawo suna tambayar ko in ta gama da shi za a ara musu. Wata ta taso takanas daga Kademi da 'ya'yanta mata biyu, ta ce an ce ina da injin wushirya. Yarinyar kuwa ta daina rufe baki. Tana yawo tana washe wa kowa haƙora, tana tsartar da ruwa ta tsakaninsu. A nan na yi nawa kuskuren. Na san wushiryar ta aro ce, amma na yi shiru, don na daɗe ban ga Inna ta zuba mini man shanu a miya da hannunta ba.

Bayan mako uku likita ta auna ta ce ya isa. A daina murɗawa, ƙarfen ya zauna wata shida ƙashi ya cike. Na ci gaba da rataye makullin a wuyana. Wata guda bai cika ba wushirya ta fara ja da baya. Inna tana aunawa da tsinken tsintsiya. A da biyu ne suke shiga, sai ya koma ɗaya da ƙyar. Ta aiko a kira ni.

"Ke 'yar nan, kin daina aikin ne? Ga abu yana rufewa."

Na durƙusa na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun farko. Na ce ba don wushirya aka sa ƙarfen ba, don tauna ne da masaukin fiƙoƙi. In aka ƙara murɗawa turamen sama za su wuce na ƙasa, a gyara wata ɓarna da wata.

"Da bakinki kika ce ba ya ciwo. Ba ni makullin, in ke ba za ki iya ba."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zan bayar ba."

Malam ya same ni a ɗaki yana sosa ƙeya, ya ce ko sau biyu kawai a yi mata don ta samu natsuwa. Na tambaye shi wane littafi ya buɗe a wannan karon. Na ce ba shi ne ya ce gyaran lahani ya halatta, tsaga haƙori don ado kuma an hana ba? Ya ɗauki fartanyarsa ya ce bari ya leƙa gona. Gonar da aka riga aka girbe.

Na ɗauka magana ta mutu, tunda makulli yana wuyana. Wata Laraba aka tashe mu makaranta da wuri, na shigo gida rana tsaka. Tsakar gida ba kowa, sai na ji ƙus-ƙus a ɗakin Inna. Na ɗaga labule. Yarinyar tana kwance a cinyar Inna baki a hangame. Inna ta sa tabaronta, a hannunta akwai fil ɗin da take maƙale mayafi da shi, ta miƙar da shi tana lalube a gandar yarinyar. Na ga ja a kan harshenta.

Shekara goma ina gidan nan ban taɓa yi wa Inna magana a tsaye ba. Ranar ban durƙusa ba. Na buɗe baki na kira sunan 'yata, cikakkensa, da ƙarfin da har kaji suka watse a waje. Sunan Inna ke nan. Su biyun suka ɗago tare, fil ɗin ya faɗi a tabarma.

Na ce, "Tashi."

Inna ta ce, "Ni kika kira haka?"

Na ce, "'Yata na kira. Inna, ke kika ce ba mai ikon matsar da haƙori ko faɗin tsinke. Yau ga ki da tsinke a hannu. An taɓa danne ni haka don a yi mini kyau, ga kyan nan ina yawo da shi. Ba za a yi wa wannan ba ina raye."

Na naɗe tabarmar yarinyar, na ɗauki akwatin kayanta, na tsallaka tsakar gida da su zuwa ɗakina. Ban waiwaya ba. Abin da ya fi fil ɗin ci mini rai shi ne da na ji ba danne ta aka yi ba. Ita ta kwanta da kanta, don tana son wushiryarta.

Da safe muka kama hanyar Kano. Likita ta duba ta ce fil ɗin bai murɗa komai ba, ganda kawai ya karce. Ta ɗaure hudar da waya yadda ko makullin ba zai ƙara shiga ba. A motar dawowa yarinyar ta juya mini ƙeya har muka wuce gadar Wudil. Can ta ce, "Yaya, kin raba ni da wushiryata. Kowa yana cewa na yi kyau."

Sai na juyo da ita, na ɗaga leɓena da yatsa, na nuna mata bakina duka a cikin hasken taga, gurbin da karkatar da komai. Na ba ta labarin turmi da awartaki. Mutanen motar suna kallo, ban damu ba. Ta daɗe tana dubawa, ta sa yatsa ta taɓa inda fiƙar ya kamata ta kasance. Kafin mu iso Gaya ta yi barci a kafaɗata.

Inna ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Kullum ina zuwa ina durƙusawa, don rashin kunyar da na yi guda ɗaya ce kuma ba na neman ta biyu, amma ban ba da haƙuri a kan ƙarfen ba, ban kuma mayar da akwatin ba. A unguwa sunana ya zama wadda ta kira uwar mijinta gatsal. Wushirya ta rufe ruf, kamar yadda aka ce. Aka cire ƙarfen bayan wata shida. Shekara biyu da wani abu fiƙoƙin suka fito, kowace a gurbinta, ba wanda ya nemi wanzami.

Damina da ta wuce muna zaune a tsakar gida ana gasa masara. Inna ta sauko tuni, ko da yake har yanzu in ta sami dama sai ta soke ni. Yarinyar ta kafa haƙora a masara tana ɓantara ta ko'ina, hagu da dama. Inna ta kalle ta ta girgiza kai ta ce, "Dubi wannan. Baki kamar na kowa, ba wushirya ba komai. An sayar da tunkiya an sayo abin da 'yar maƙwabta take da shi kyauta."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya har da mayar da kai baya, masara a hannu, baki a buɗe har ana ganin ganda. Dariyar ta kamo ni, hannuna ya tashi kamar kullum. Kafin ya kai, ta cafke wuyan hannun ta danne shi a cinyata, ta ƙi saki. Na ja, ta ƙara riƙewa. Haka na ƙarasa dariyar a fili, a gaban Inna da Malam da duk wanda ke wurin.

Inna ta daina taunar goronta. Shekara goma sha biyu muna gida ɗaya, ranar ce ta fara ganin cikin bakina sosai. Ta gyara tabaro ta ƙura mini ido.

"Wane wanzami ne ya yi miki wannan aiki?"

Na ce, "Ya daɗe da rasuwa."

"Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Amma bai kyauta ba."

Ta zaɓo masara mai laushi daga kan garwashi ta miƙo mini. Na karɓa da hannun hagu, don na daman yana hannun 'yata har lokacin.